Tsibirin da Ba a Zuwa da Yara

Ma'aikaciyar ta juyo da allon kwamfutar wajensu, sai ga teku ya cika shi, da farin yashi da bishiyoyin kwakwa suna sunkuye a bakin ruwa. Sista ta jawo kujerarta gaba, ta gyara zaman tabarau, ta karkata kai don idon dama ya samu ya gani, tunda na hagun ya fara yi mata rowa. Kafin ta ƙare wa hoton kallo, babban ɗanta ya riga ya ce a wuce gaba.

Injiniya ake ce masa a gida da waje, kuma yana tafiyar da iyalinsa ne kamar aikin gini, shi ke zane, sauran su ɗauki bulo. Shi ya ɗauko uwarsa da matarsa da hantsi ya hauro da su wannan ofishi na shirya tafiye-tafiye, a saman wani kantin sayar da wayoyi, wai su zaɓi inda za a je hutu bana. A kan matakala ya ce zaɓin na Umma ne, tunda ita ce babba. Duk shekara haka yake faɗa, kuma duk shekara shi yake zaɓa.

Ita kuwa Sista unguwarzoma ce a babban asibiti har ta yi ritaya, sunan aikin ya biyo ta gida ya zauna. Rabin yaran unguwarsu a hannunta suka fara kuka. Ba mace ce mai tsoron magana ba, likitoci ma sun sha jin bakinta, amma a gaban 'ya'yanta ta saba haɗiye abin da ke ranta, don kada a ce tsohuwa ta fiye ƙorafi.

Ma'aikaciyar ta nuna musu wani babban gari a bakin teku, mai dogayen otal-otal da kantuna. Injiniya ya ce hayaniya ta yi yawa, a gida ma ita ya gudo wa. Ta nuna wani tsibiri mai faɗi, inda otal ɗin yake da wurin ninkaya na manya da na yara, da lilo, da filin wasa mai inuwa. Nan ya gyara zama. Ya tambayi ƙarfin intanet, ya tambayi jirgin ruwan da ke fita da baƙi kamun kifi tun safe har yamma, ya tambayi wurin cin abinci na kan dutse wanda wani abokinsa ya ba shi labari. Matarsa, wadda Sista ke kira Amarya har yau bayan haihuwa huɗu, hankalinta yana wani wuri. Wayarta ce ke ta ƙara daga gida, tana raba faɗan yara da raɗa.

"To sai in shirya muku yadda aka saba ko, Oga?" in ji ma'aikaciyar da fara'arta. "Kai da Madam a sama, ɗaki mai kallon teku. Mama kuma a ƙasa kusa da filin wasa, a ƙara mata gadajen yara huɗu."

Yarinyar ba da wata manufa ta faɗa ba, aikinta take yi, ta riƙe al'adar masu zuwa wurinta. Amma Sista ba ta taɓa jin an faɗi abin a fili haka ba, daga bakin bare, kamar ana karanta dokar gida. Ranta ya ɓaci, kunya kuma ta kama ta.

Ta je bakin teku ya fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya, har maƙwabta na yi mata kallon 'yar gata. In ta dawo suka tambaye ta yaya tekun, sai ta ce lafiya lau, don ba ta da abin faɗa. Ba ta san shi ba. Kullum tana zaune ƙarƙashin lema da tulin takalma da tawul a cinya, ido yana kan kawunan jikoki: wannan ya yi nisa, wancan ya cusa yashi a baki, ƙaramar tana son banɗaki yanzu-yanzu. In ta ɗaga kai ta kalli ruwa, to wani take nema a cikinsa. Iyayen kuwa tun da safe jirgi ya tafi da su, sai yamma su dawo da hotuna su nuna mata irin kyan wurin da take ciki. Tagar ɗakinta bara bangon madafar otal take kallo.

Ba wai ba ta son jikokin ba ne. Biyu daga cikinsu ita ta karɓe su da hannunta, kuma in suka kwana biyu ba su zo ba, gidan ya yi mata faɗi. Sai dai a watan jiya likitan ido ya zaunar da ita ya gaya mata gaskiya, irin ta ma'aikacin asibiti da ɗan'uwansa: hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage kuma ana lallaɓa shi ne kawai. Da ta faɗa wa Injiniya ya yi mata sannu sosai, ya sayo maganin ɗigawa mafi tsada, ya ɗauka an gama magana. Ita kuwa ta san ganin da ya rage mata ba na ajiya ba ne.

Ta ce wa ma'aikaciyar ta koma baya, akwai wani hoto da ta tsallake da sauri. Yarinyar ta koma. Wani ɗan ƙaramin tsibiri ne, 'yan ɗakunan katako a kan turaku, kowanne da barandarsa a saman ruwa. Ma'aikaciyar ta yi bayani kamar mai ba da haƙuri: sai da ƙaramin jirgin ruwa ake isa, babu kantuna, waya ma sai an hau tudu take kamawa. Kuma dai bai dace da su ba, don otal ɗin ba ya karɓar yara.

"Ko ɗaya?" in ji Sista.

"Ko na goye, Mama."

"To nan nake so."

Injiniya ya yi dariya, ya ce Umma akwai barkwanci. Da ya ga ba ta taya shi ba, sai ya shiga kawo dalilai, kuma ya iya kawo su. Ya yi maganar gwiwarta da hawa jirgi, ya yi maganar nisan asibiti, ya ce me mutane za su ce in suka ji ya bar uwarsa ita kaɗai a tsakiyar ruwa. Sista ta ce gwiwar da ta iya bin yara huɗu a cikin yashi za ta iya taka jirgi, asibiti kuma ta zauna a cikinsa iya zama, mutanen da yake tsoro kuwa su zo su same ta. Tana magana a hankali, hannunta a kan jaka, ko gezau. Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Da dalilai suka ƙare masa, sai na ainihin ya suɓuce.

"To Umma, wa zai riƙe yaran?"

Amarya ta kife wayarta a cinya. Shi kansa ya ji abin da ya faɗa, ya fara kame-kame, wai ba haka yake nufi ba, wai yaran sun shaƙu da kakarsu ne.

"Bar ta haka, ta fito daidai," in ji Sista. "Ni ma na so in ji ta da kunnena. Na riƙe ka, na riƙe ƙannenka, na riƙe 'ya'yan mutanen gari, na riƙe naka. Ban yi da-na-sani ba. Amma idon nan tafiya yake yi, kuma kafin ya tafi ina so in zauna in kalli ruwan nan ba tare da ina neman kowa a cikinsa ba."

Ya ɗaure fuska. Ya ce in haka ne an fasa tafiyar gaba ɗaya, kuma ita za ta gaya wa yaran da bakinta cewa Kaka ce ba ta son zuwa da su. Wannan ta same ta inda yake ciwo, ya kuma san za ta same ta. Ta tuno ƙaramar, wadda tun makon jiya take kwana da rigar wankanta a ƙarƙashin matashi. Saura kaɗan ta ce a bar maganar, a shirya yadda aka saba. Sai ta ga ai da irin wannan igiyar aka ɗaure ta duk shekarun nan, kuma ita ce take miƙa hannu.

Ta ce za ta gaya musu, kuma za ta gaya musu cewa ubansu yana da hannu biyu da ido biyu masu lafiya. Ta buɗe jaka ta zaro katin bankinta ta ɗora a kan tebur, ta ce a yanka mata tikitin mutum ɗaya. Ta tura shi gaban ma'aikaciyar.

Injiniya ya miƙe ya ce yana mota. Amarya ta bi shi da ido, ta bi uwar mijinta da ido, sannan ta tashi ta fita. Sista ta zauna aka gama komai, ta sa hannu inda aka nuna mata, ta yi wa yarinyar godiya. Da ta sauko ba ta nufi wajen motar ba, ta bi gefen titi zuwa inda ake tsayawa jiran bas, tana taka ƙasa a hankali saboda hasken rana yana kashe mata ido.

Tana tsaye sai ta ji takun sauri a bayanta. Amarya ce, tana haki, mayafinta ya zame. Sista ta gyara tsayuwa, ta shirya jin an ce ta tozarta ɗanta a gaban bare. Amma matar ta tsaya tana murza yatsu, ta waiwaya wajen motar mijinta, ta rage murya.

"Umma, ɗakin nan da kika kama, ba zai ɗauki mutum biyu ba?"

Sista ta dube ta da kyau, da idon da ke gani. Ta ga ramar da ba ta lura da ita ba, da baƙin da ke ƙasan idanunta, tausayi ya kama ta ƙwarai. Bas ta ƙaraso tana huci, yaron motar yana kiran unguwarsu.

"Zai ɗauka, 'yata," ta ce. "Amma in kika biyo ni, ke zan koma riƙewa. Ki koma sama ki ce wa yarinyar nan ta nuna miki naki wurin."

Ta kama ƙarfen ƙofar ta hau, ta nemi kujerar jikin taga ta zauna.