Hannun da ke Shafar Kyanwar Nagoggo

A Sakajiki akwai wata tsohuwa, Nagoggo, mai farar kyanwa. Mijinta Na'Allah, kafin ya rasu, kullum bayan la'asar yakan zauna gindin rumbu yana shafar bayan kyanwar, daga wuya har wutsiya.

Bayan sadakar arba'in abin ya fara. Da la'asar ta yi, sai fatar bayan kyanwar ta kama motsi ita kaɗai, kamar iska na bi ta kan gonar gero. Ba ƙuda, ba kowa kusa. Idanunta su buɗe baƙi ƙirin, ta juya ta cafki wutsiyarta, ta zabura da gudu. Nagoggo kuwa sai ta gyara zama, ta sassauta murya, ta shiga bai wa gindin rumbu labarin gari: wadda ta haihu, akuyar da ta ɓata.

'Yarta Lubabatu ta zo daga Ƙaura, ta tarar wutsiyar ta zama gyambo.

"Inna, kyanwar nan cinye kanta za ta yi."

"Babanku ne. Na san tafiyar hannunsa."

"Baba dai bai taɓa fidda mata jini ba."

Lubabatu ta ɗauki bidiyon motsin fatar a waya, ta kai wa likitan dabbobi a Ƙaura. Ya ce ciwo ne da ke sa fata jin taɓi fiye da kima. Ya ba da magani, ya ce a bar taɓa bayanta, a raba ta da hayaniya, in ciwon ya motsa a ɗauke hankalinta da wasan zare.

Da Lubabatu ta kawo maganin gida, Nagoggo ta kifa ƙwarya a kansa. In kyanwar ta warke, wa zai riƙa zuwa da la'asar?

Wata la'asar kyanwar ta ciji kanta har ta yi kuka irin na jinjiri. Ta rarrafo ta shige ƙarƙashin zanen tsohuwar tana makyarkyata. Nagoggo ta daɗe tana kallon jinin da ya ɓata bakin zanen. Ta tashi ta buɗe ƙwaryar, ta murƙushe maganin cikin ɗan nono a kasko, ta ajiye mata. Sannan ta fuskanci rumbu.

"Malam, ka yi haƙuri. Hannunka ya yi mata nauyi yanzu. Ka bar ta."

Kyanwar ta ɗaga kai daga kaskon. Ta bi wani abu da ido, sannu a hankali, daga gindin rumbu, ta gaban turmi, har bakin zaure. Sannan ta sunkuya ta ci gaba da lasa.

Nagoggo ba ta waiwaya ba.