Muryar da Yusra Take Ji

Mashkura ta tura ƙofar motar da ƙugu, waya maƙale a kunnenta tana ba oganta haƙuri a kan wani fayil. Ta zagaya ɗaya gefen don ta ɗauko 'yarta Yusra, sai ta ji ƙit, ƙit. Motar ta kulle kanta. Makullin kuwa, mai 'yan maɓallai, yana kwance a kan kujerar direba.

Ƙarfe ɗaya na rana ne a bakin kasuwar Garki, cikin zafin watan Maris, injin a kashe, gilasai a rufe ruf.

"Yusra! Ɗauko makulli! Ga shi can!"

Yarinyar, mai shekara uku, ta ɗauka wasa ne, ta manna hanci a gilashi tana dariya.

Da Prudence tana nan da ba a zo ga haka ba, kuma wannan tunanin ya fi ranar ƙona Mashkura. Prudence mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai daga Kwali, ita ta raini Yusra tun tana wata huɗu. Ba ta taɓa ɗaukar ko allura ba, ba ta taɓa makara ba. Laifinta ɗaya: jiya Yusra ta faɗi a tsakar gida, ta taso da kuka, ta wuce uwarta da ta buɗe mata hannu, ta faɗa jikin Prudence. Mashkura ta yi murmushi a lokacin, amma abin ya tsaya mata a rai. Da safe ta sallame ta, ta ce za a sa yarinya makaranta. Ƙarya ce, kishi ne tsagwaronsa, kuma ta sani.

Mutane suka taru. Wani mai shadda ya ce a kira makaniki, wani ya ce a fasa kawai. Mai facin taya ya zo da ƙarfe ya doki gilashin baya sau biyu, gilashin ya yi tabo amma ya ƙi fashewa. Abin da dukan ya yi kawai shi ne firgita Yusra. Ta tsala ihu, ta rarrafa ƙarƙashin sitiyari ta duƙunƙune, gumi ya jiƙe mata riga.

"Hajiya, ki lallashe ta mana, ke ce uwarta," in ji mai shaddar.

Ta lallasa, ta yi alkawarin alewa, ta daka tsawa, ta koma roƙo. Yusra ko ɗago kai ba ta yi ba. Kukan ma ya fara yin ƙasa, wannan ne ya tsinka zuciyar Mashkura.

Ta dubi wayar hannunta. Wallahi da a ce akwai wata lamba a duniya, da ita za ta kira. Ta danna lambar Prudence.

"Madam?" Hayaniyar tasha tana tashi a bayan muryar Prudence.

Mashkura ta faɗa mata a gurguje. Prudence ba ta yi salati ba, ba ta tambayi yadda aka yi ba.

"Sa ni a sifika, Madam. Manna shi a gilas. Kowa ya yi shiru."

Aka yi tsit. Sai muryar ta fito cikin waƙa, da Hausarta ta 'yan Abuja:

"Ƙaramin yatsa ya ɓata, ya ɓata, wa ya gan shi?"

Daga ƙarƙashin sitiyari wani ɗan hannu ya ɗago, yatsa ɗaya a miƙe.

"Yauwa, Yusi na! Yatsa yana jin yunwa. Akwai baƙin biskit a kan kujera. Yatsa ya ci, ya ci, ya ci duka!"

Yusra ta fito tana shessheƙa, ta jawo makullin, ta hau danne-danne. But ɗin motar ya buɗe tukuna, fitilu suka ƙifta, sannan aka ji ƙit. Jama'a suka ɗauki kabbara.

Mashkura ta fizge ƙofar ta rungume 'yarta, jikin zafi rau kamar an sauke ta daga murhu. Wata mai sayar da lemo ta yayyafa mata ruwa, ta ba ta ta sha. Da numfashinta ya daidaita, Yusra ta zame daga ƙirjin uwarta, ta kama wayar da hannu biyu.

"Anti, yatsa ya ƙoshi."

Shekara uku Mashkura tana fita bakwai na safe ta dawo bayan magariba, ba ta taɓa jin wannan waƙar ba. A gidanta ake yin ta, da 'yarta. Kishin bai tafi ko'ina ba, yana nan daram. Ta karɓi wayar a hankali.

"Prudence, motarku ta tashi?"

"Saura mutum biyu, Madam."

"Ki sauko." Ta share fuska da gefen mayafi. "Waƙar nan... daga ina ake farawa?"