Motar Da Aka Ɗaure Wa Hanci

Kwana uku ke nan Auta yana zaune a kan benci a ƙofar ɗaki, ba makulli a aljihunsa. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa motar wani kamfanin haƙar rijiyar burtsatse, irin mai jan ƙafa huɗun nan da ke shiga inda ko jaki sai ya tsaya ya yi shawara, bai taɓa taka ko kaza ba. Ranar Talata yana gangarawa rafi da ma'aikata biyar, ya taka birki, motar ta karkace ta shige shingen wata gona. Ba wanda ya ji ciwo. Da aka leƙa, tayar baya ta hagu ta jiƙe sharkaf da man giyar mota, birkinta ya sha mai har ya ƙoshi. Washegari Manaja ya tara ma'aikata, ya karɓe makulli a gabansu, ya ce ranar Litinin sabon direba zai kama aiki.

Uwarsa kowa Inna Mai Jarka yake kiranta, saboda man girki take sayarwa tun Auta yana goye a bayanta. Ranar Asabar da safe tana ɗura mai a kwalabe tana hararsa, har ta gaji ta dangwarar da mazurari.

"Wai kai, har bakinka suka karɓe tare da makullin?"

"Inna, me zan ce? Injiniya ya gaya wa Manaja ni nake faɗa wa ramuka da gudu, shi ya sa sil ke fashewa."

Injiniyan nan bakanike ne kawai, shi ya raɗa wa kansa sunan, ya sa aka rubuta a allon garejinsa. Shi ke gyaran motocin kamfanin.

"Mene ne sil kuma?"

"Wata roba ce kamar awarwaro, a gindin taya. Ita ke tare man da ke cikin aksul kada ya fito."

"Yi mini Hausa. Aksul fa?"

"Dogon ƙarfen nan mai tumbi a tsakiya, wanda ke riƙe da tayoyin baya. Akwai mai a cikinsa."

"Sau nawa ya canza robar?"

"Sau uku cikin wata huɗu. Ya canza ta hagu, ta dama ta fara yoyo. Ya canza ta dama, ta hagu ta dawo."

"Kuma yaushe take yoyon?"

"In na yi doguwar tafiya. In ta kwana a ajiye, ko ɗigo ba ta yi."

Inna ta juya ta dubi jarkokinta da ke jere a inuwar bango. Ba ta taɓa barinsu a rana. Jarkar da aka ɗaure wa murfi tam, in rana ta dake ta, kumbura take yi kamar an hura, man ya nemi inda ya fi rauni ya tsattsafo. Ka liƙe nan, ya ɓullo can. Ta yi asarar mai da yawa kafin ta koyi sassauta murfi.

"Tashi ka sa takalmi."

"Inna, don Allah ki bar maganar nan. Kunya za ki ba ni."

"Kunya ta wuce wadda aka ba ka a gaban ma'aikata? Ƙato da kai, da 'ya'ya huɗu, an shafa maka laifi ka zo ka zauna mini a benci kana ƙirga kaji. Tashi."

Garejin wani fili ne da rumfar kwano, ƙasarsa baƙa ƙirin da tsohon mai. Motar tana kan jak, an cire tayar hagu, Injiniya ya tsugunna yana buga sil na huɗu da guntun katako da guduma. Ya ɗago ya ga Auta, ya ga tsohuwa a gabansa, ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

"Sannu da zuwa, Mama. An kawo ƙara ke nan?"

"An kawo. Kai ne ka ce ɗana ba ya ganin rami?"

"Mama, aikin mota ba a ganinsa daga gida. Shekarata ashirin a ƙarƙashin mota."

"Shekara ashirin a ƙarƙashinta, ka canza abu ɗaya sau huɗu ba ka tambayi kanka dalili ba? Ni in kwalba ta fashe mini sau biyu a wuri ɗaya, wurin nake dubawa."

Masu jiran gyara a kan benci suka fara ƙunshe dariya. Injiniya ya ci gaba da buga katakonsa, ya ce silin yanzu ba su da ƙwari, direbobin yanzu kuma ba su da haƙuri, in aka haɗa biyun sai dai addu'a. Inna ta jawo wata tsohuwar taya ta zauna, ta gyara mayafi, ta ce ba inda za ta sai ta ga Manaja. Auta ya raɓe a jikin bango kamar wanda aka kawo aski dole.

Sai da rana ta take tsaka Manaja ya iso karɓar motar, cikin farar riga, yana ɗaga ƙafa kada mai ya taɓa takalminsa. Inna ta tare shi tun bai ƙaraso rumfa ba.

"Yallaɓai, ni ce uwar direban da ka kora."

"Ba korarsa aka yi ba, Mama, dakatarwa ce. Akwai tsari."

"Tsarin naku ne ya ce a saurari mai gyara, kada a saurari mai tuƙi?"

"Mai gyara ya duba, ya ba da bayani."

"To ni ban yi makaranta ba, amma abu ɗaya nake roƙo. Ka iya tuƙi?"

"Na iya."

"Ka ja motar da hannunka. Kan kwalta, sumul, inda ba rami ko ɗaya. Ka yi tafiya har ƙarfen nan ya yi zafi. In mun dawo a buɗe inda ake zuba mata mai a gabanka. In ba ka ji komai ba, ni da ɗana za mu tafi, ba za ka sake ganin ƙeyarmu ba."

Manaja ya dubi agogo, ya dubi Injiniya. Injiniya ya ɗaga kafaɗa ya ce ai dama sai an gwada ta. Ƙila Manaja ya ga ita ce hanya mafi sauƙi ta rabuwa da tsohuwar. Aka mayar da taya, aka sauke jak. Manaja bai ankara ba ya ga Inna ta kama ƙofar baya tana kiciniyar hawa.

"Mama, ina kuma za ki?"

"Zan ƙirga ramukan da za ka faɗa, kada a dawo a ce kai ma ba ka gani."

Sun yi kusan awa ɗaya a kan babbar hanya. Inna tana ta cewa "ƙara wuta" duk sanda Manaja ya sassauta ƙafa. Ƙugunta ya yi tsami, kanta ya fara sarawa da warin mai, ta daure. A ranta tana ta juya abin. In fa ba haka ba ne? Jarka daban, mota daban. In aka buɗe shiru, ta ƙara wa yaron nan abin faɗe, kuma Litinin jibi ce.

Da suka dawo, Injiniya ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da sifana. Inna ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta ja hannun rigar Manaja.

"Sunkuyo. Rigar za ta wanku."

Injiniya ya murɗa notin da ke jikin tumbin aksul. Bai gama kwance shi ba iska ta fito fuuu, kamar an buɗe kwalbar lemo da ta sha girgiza, ta feso masa mai a gemu.

Inna ta dubi Manaja.

"Ka ji?" in ji Inna. "Wannan iskar ma ɗana ne ya hura ta? Kai Injiniya, wanda ya ƙera ƙarfen nan ba mahaukaci ba ne. Ya san zai yi zafi. Ta ina ya bar masa ya yi numfashi?"

Injiniya yana kwance yana kallon sama, sifana a ƙirji. Daga baya ya miƙa hannu a hankali saman aksul, wajen da ido ba ya kaiwa sai an laluba. Ya ɓantaro wani curin busasshen laka kamar dunƙulen hannu.

"Akwai ɗan hanci a nan," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Da tiyo a kansa. In mai ya yi zafi, iska ta nan take fita. In ya toshe, sai ta tura mai ta sil."

"Ka sani ke nan."

"Kowane bakanike ya sani, Mama."

"Ka sani, ka canza roba sau huɗu."

Manaja ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Da gani ya samu mafita. "To ai laka ce. Wanke ƙarƙashin mota kuwa aikin direba ne. Ko ba haka ba?"

Inna ta juya ga Auta, tana jira ya buɗe baki ko sau ɗaya. Ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Ta yi tsaki, ta fizge curin lakar daga hannun Injiniya, ta buga shi da ƙasa. Ya tarwatse. A tsakiyarsa ga guntun baƙin tiyo da ya tsinko tare da lakar, an lanƙwasa bakinsa biyu, an naɗe da waya, an murɗe ta tsaf da filaya.

Ta ɗaga shi sama. "Yallaɓai, laka ta iya murɗa waya?"

Sai a sannan Auta ya yi magana. "Farkon damina ne. Na tsallaka rafi, ruwa ya shiga aksul, man ya koma fari. Na kawo nan aka canza. Injiniya ya ce mini ya yi maganin ruwan, ba zai ƙara shiga ba."

Injiniya ya fito daga ƙarƙashin motar, ya zauna a kan kwalin yana goge gemu da tsumma. "Tiyon ya gajarce, yana lilo daidai inda ruwa ke kaiwa. Ba ni da dogo a lokacin. Na ce bari in ɗaure na kwana biyu kafin in samo."

"Kwana biyu," in ji Inna. "Wata huɗu. Mutum shida a mota, birki ya sha mai a gangare. Ka manta, to, mantuwa ta kowa ce. Amma da aka tambaye ka, ka rasa wanda za ka nuna sai wanda ka san ba zai ɗaga maka murya ba."

"Mama, ki yi haƙuri."

"Ba ni ka yi wa ba. Ga shi can a tsaye."

Injiniya ya ce wa Auta ya yi haƙuri, idonsa a kan sifana. Ya tashi ya yanko sabon tiyo dogo, ya zura waya ya share hancin, ya hura ya ji iska ta wuce, ya ja tiyon sama ya ɗaure a jikin ƙarfen bodi, inda ruwan rafi ba zai kai ba. Aikin duka bai kai minti goma ba. Wannan ya fi komai ƙona wa Inna rai.

Manaja ya zaro makulli ya miƙa wa Auta, yana kallon wayarsa. "Litinin ka zo da wuri, akwai aiki a nesa."

Auta ya karɓa da hannu biyu, har da rusunawa, yana godiya.

"Shi ke nan?" in ji Inna.

"Me ya rage, Mama? Ga makulli an ba shi."

"A gaban mutum nawa ka karɓa?"

"Mama, an wuce wannan."

"Kai ka wuce. Waɗanda ka tara ranar Laraba sun koma gida sun gaya wa matansu Auta ya kusa kashe su da ganganci. Inda ka tsaya ka faɗi waccan, nan za ka tsaya ka faɗi wannan."

"Za a duba," ya ce, ya nufi motarsa yana ɗaga ƙafa.

A hanyar gida Auta sai shafa aljihu yake yi, yana jin makullin. Ya ce ta bar shi haka, aiki ya dawo, kada a ja da manya. Inna ba ta ko kalle shi ba. Ta ƙulle guntun tiyon da wayarsa a gefen mayafi, ƙulli biyu.

"Ƙarfe nawa kuke taruwa ranar Litinin?"

"Inna..."

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai."

"Ka tashe ni shida. Kuma ka gaya wa matarka ta kula mini da jarkokin, in rana ta zagayo ta ja su inuwa."