Garwashi Ya Faɗo da Wuri

A ƙauyenmu ba a shuka gundondu sai garwashi ya faɗo. Haka muke kiran furen nan mai bin rana, wanda ake matse mai daga 'ya'yansa. Garwashin kuwa ba a ganinsa. In sanyi ya kusa ƙarewa yakan faɗa cikin iska, sannan cikin ruwa, daga ƙarshe cikin ƙasa. A gidanmu kakata, Nine Hayriye, ita ke sanin ya iso. Takan je bakin gona ta tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, ta yi shiru kamar mai sauraron magana ta bayan ƙofa.

Bana tun watan Fabrairu bai ƙare ba ta zaro hannunta ta ce, "Ya faɗo."

Yayana Ramiz ya ce, "Haba Nine, ko dai hannun ne ya tsufa?"

"Hannun nan ya wanke ka kana tsumma. Zo ka taɓa, in kana da hannu."

Ya taɓa. Da ɗumi, kamar cikin gurasa.

Ramiz bai so ya kai bana a gona ba. Sau biyu a shekarun nan sanyi ya ƙone mana shuka, shi kuma an yi masa alkawarin aiki a masaƙar garin Corlu. Baba ne ya roƙe shi, a gaban kwanon miyar tarhana, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Gwiwar Baba ta mutu, ni kuma ni kaɗai ba zan iya da tarakta da gona ba. Ramiz ya ce to, shekara ɗaya. In ta yi kyau ya zauna, in ta lalace kada kowa ya riƙe masa riga.

Muka shuka. Abin da muke tsoro shi ne sanyin tsohuwa, wanda ke zuwa tsakiyar Maris. Amma shi ma mun san halinsa. In ya tarar da gundondu da ganyensa biyu na fari, masu kauri, ba ya yi masa komai. Jariri ne mai taurin rai. Sai ya yi ganye shida ne yake zama rago.

Tsakiyar Maris ta zo, tsohuwa ba ta zo ba. Mutane na zaune a ƙofar shagon shayi da riga ɗaya. Tevfik mai shagon, ɗan ƙanen kakata, ya hango ta tana wucewa ya ɗaga murya, ya kira ta Hala, wato gwaggo.

"Hala Hayriye, ina ƙawarki? Ko ta rasu ba ku gaya mana ba?"

"In ta rasu ai da ka riga kowa zuwa cin alewar sadaka, sarkin kwaɗayi."

Kowa ya yi dariya, har Baba. Gona kuwa sai tashi take. Layi-layi, kore shar. Na ga Ramiz ya fara gyara injin feshi ba wanda ya sa shi, yana ta fito. Na bar shi, kada in ɓata.

A cikin Afrilu tsohuwar ta zo. Da safe na fito zan ba kaji hatsi, na ga ruwan kaskonsu ya daskare. Na tsaya ina kallonsa, don ban son in ɗaga kai. Da na ɗaga, ciyawar bakin hanya ta yi fari fat.

Mu uku muka tafi gona. Da farko shukar tana tsaye lafiya, har Baba ya ce, "Kun gani?" Da rana ta ɗaga sai ganyen ya yi laushi kamar an tsoma shi a ruwan zafi. Ramiz ya durƙusa ya buɗe tsakiyar wata da farce. Idon da ke fitar da fure ya yi baƙi. Ya matsa gaba ya buɗe wata, ya sake matsawa. Ya yi nisa sosai kafin ya miƙe.

Na ce, "Abi," haka muke kiran yaya, "ai ana iya sake shukawa."

"Ana iyawa. Sai ya yi fure a tsakiyar Yuli, zafi ya soya shi, mu girbe kai babu ƙwaya. Ka manta bara waccan?"

Ban manta ba. Don gudun zafin nan ne ma kowa ke sauri.

Baba ya ce, "Da, sanyi ya fi haka. Kogin nan har daskarewa yake, mu bi ta kai da jaki. Amma bai taɓa ci mana gona ba."

Ramiz ya ce, "Da yana zuwa a kan lokacinsa, Baba."

Nine ba ta ci abinci ba ranar. Ta ce ita ta kashe gonar. Ramiz ya zauna kusa da ita ya sumbaci hannunta ya ɗora a goshi, ya ce ƙasar da ɗumi, shi ma ya taɓa. 

Ranar Litinin motar ma'aikatan masaƙar ta tsaya a bakin masallaci. Na riƙe wa Ramiz jaka har can. Nine ta zuba ruwa a bayansa don tafiya ta yi sauƙi. Baba bai fito ba, ya ce gwiwa.

Da na dawo na same shi a rumfar tarakta, zaune a kan buhun iri da ya rage. Na tambaye shi ko in ɗaura garma in kife gonar. Ya daɗe yana murza hularsa.

Ya ce, "Bar ta tukuna. In yayanka ya kira, ka tambaye shi ko a masaƙar suna neman wani ma'aikacin."