Ruwan Gilashin Baban Kumatu

Baban Kumatu ya cusa kai ƙarƙashin bonet yana ta fama da filaya, ita kuwa Maman Kumatu tana tsaye da 'yarsu Kumatu a kafaɗa, a tafin hannunta ga wasu baƙaƙen 'yan robobi guda biyu, kowanne bai kai kan yatsa ba. Wai su ne nozul, abin da ke fesa wa gilashin gaba ruwa. A kan waɗannan 'yan mitsil ɗin ne yau ko shayi ba wanda ya kurɓa a gidan.

Wata bakwai ke nan yana zaune tun da aka rufe kamfanin da yake wa tuƙi. Jiya ya kai motarsa wata makarantar yara da ke neman mai ɗauko ɗalibai da mayar da su gida. Mai duba motocin, wani tsoho mai tabarau, ya gwada birki, fitila, hon, duk ya sa hannu. Da aka zo ruwan gilashi sai waifa ta yi ta kai da komowa a bushe. Tsohon ya ce, "Gobe ƙarfe goma. In bai fesa ba, akwai mutum biyu a bayanka."

"Riƙe min wannan," in ji Baban Kumatu, ya miƙo mata tsohon nozul ɗin da ya ɓalle. Bakinsa ya toshe da wani farin abu kamar alli. Da ya zare tiyo ya juye tankin, ruwa ya fito fari, har da kumfa.

Maman Kumatu ta gane kumfar nan. Ita ce fa. Sati biyu da suka wuce ta gama wankin kayan Kumatu, ruwan garin sabulu ya rage a baho, ta ce me zai sa a zubar, bari ta ɗura masa a tankin, gilashi ya yi ƙyalli. Ba ta faɗa wa kowa ba. Shi dai ya kalli kumfar, ya ɗauraye tankin sau biyu.

Ya soka sabbin a raminsu, suka ce ƙas, ya mayar da tiyo, ya cika ruwa mai kyau. Ya shiga ya ja sandar waifa.

Ruwa ya fito kam, da ƙarfinsa ma. Sai dai bai taɓa gilashin ba. Ta saman mota ya tsallake, ya sauka a ƙeyar tela maƙwabcinsu da ke buɗe shago.

"Maƙwabci, na yi wanka tun da safe," in ji tela yana share wuya. "In na biyu ne, a haɗo da soso."

Tara da kwata ta yi. Baban Kumatu ya ce a can zai ƙarasa. Ta ce ƙafarta ƙafarsa, ta suri Kumatu da jakarta ta faɗa kujerar gaba.

A ƙofar makarantar sun tarar da motoci biyu, direbobin na jingine suna kallonsu. Ya fito da sukudireba ya danna bakin nozul ɗin, ya yi masa kauri. Ya samo tsinke, ya karye. Gumi ya jiƙa masa rigar da ta goge masa da safe. Ɗaya direban ya ce, "Ɗan'uwa, motar kashe gobara ka kawo?"

Maman Kumatu ta sunkuya ta leƙa. Ashe cikin robar akwai wata 'yar ƙwallo mai huda, kamar idon kifi. Hudar sak irin ta bakin fidar Kumatu, wadda take buɗewa da fil kullum in madara ta toshe ta. Ta kwantar da yarinyar a kujera, ta cire fil ɗaya daga nafkin ɗinta.

"Baban Kumatu, shiga ka danna."

"Ke, kar ki fasa min, su ke nan gare ni."

"Ka danna dai."

Ta soka bakin fil ɗin a hudar, ta ɗan danna ƙasa, sai ta ji 'yar ƙwallon ta juya. Ya ja sanda. Ruwan ya doke ta a fuska, har cikin hanci. Direbobin suka fashe da dariya, ita ma ta taya su, don ta riga ta gane abin. Ta matsa gefe, ta ƙara juyawa kaɗan. A karo na uku ruwan ya sauka tsakiyar gilashi, waifa ta share shi tas. Ta zagaya ta yi wa ɗayan, wannan sau ɗaya ma ya zauna.

Tana ɗaukar Kumatu ke nan tsohon ya fito da takardarsa. Ya ce a fesa. Aka fesa. Ya ce a sake. Aka sake, ruwa biyu suka tashi daidai kamar an auna. Yana cikin rubutu nafkin ɗin da ya rage da fil ɗaya ya zame, Kumatu kuwa ta saki nata ruwan, ya bi zanin uwar, ya ɗiga a takalmin tsohon.

Tsohon ya kalli takalminsa ta saman tabarau, ya kalli yarinyar da ke masa dariya da haƙoranta biyu.

"Wannan ma tana aiki," ya ce. Ya sa hannu, ya miƙa takardar. "Litinin, bakwai saura kwata. Yara ba sa jira."

A hanyar gida bakinta bai rufu ba. Ta kira mamarta, ta kira yayarta, ta kira matar tela, kowa sai ta faro masa daga farko, har da takalmin. "Wallahi Mama, da fil ɗin nafkin. Ni da kaina. Maza uku suna tsaye."

Shi yana tuƙi yana murmushi, lokaci-lokaci sai ya ja sandar haka kawai ya ga ruwan ya sauka. Da suka tsaya a danja ya miƙo hannu.

"Ba ni fil ɗin nan."

Ta ba shi. Ya maƙala shi a jikin abin tare rana, saman kansa.

"Wannan ya zama kayan aikin mota," ya ce. "Amma daga yau ruwan wanki ya tsaya a baho."

Wayar ta kusa suɓuce mata. "Wa ya gaya maka?"

"Sati biyu duk na fesa sai in ji ƙamshin rigar Kumatu."

"Kuma ka yi shiru?"

"Ina jin daɗin ƙamshin ne."

Danja ta ba da hannu. Ta gyara wa yarinyar zama a cinya, ta danna lambar ƙanwarta. Wannan ɓangaren dai ba za ta saka a labarin ba.