Kashi Na Ce, Ba Ƙashi Ba

Da na buɗe kular da Baba Maigadi ya ajiye a kan teburina, sai da na rufe ta na sake buɗewa, ko idona ne. Ƙasusuwa ne a ciki, farare tas, an jera su cikin auduga, kowane tsuntsu da ƙullinsa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Saƙonki ne, Likita," ya ce yana murmushi. "Sau uku-uku na wanke su, na shanya. Ko ƙarni ba za ki ji ba."

Ni aikina binciken cututtukan tsuntsayen daji ne. Baba kuwa shekara goma sha biyu ke nan yana gadin tsaunin da wata fakara mai jan wuya take zaune, wadda a ƙidayar bara saba'in da 'yan kai suka rage a duniya. Bana 'yan tsakinsu suka fara ramewa suna mutuwa. Mun yi zargin tsutsar ciki ce, to amma akwai iri biyu da ƙwansu ke kama da juna a madubin likita kamar an tsaga kara, kuma maganin wannan ba ya taɓa waccan. Sai an karanta ƙwayoyin gadonta a na'ura ake sanin wace ce. Don a yi haka kuwa abu ɗaya nake bukata, abin da tsuntsu ke yarwa kyauta sau goma a rana.

Shi ya sa mako shida da suka wuce na aika masa da kwalabe sittin, da cokulan roba, da saƙo a waya, tunda kira ba ya shiga a kan tsaunin: Baba, a tara mana kashin fakarun, ɗanye, daga bakin ruwan da suke sha.

"Kashi na ce, Baba. Kashi. Wanda suke yi."

Murmushin ya gushe. Ya ciro wata tsohuwar waya da aka ɗaure da kyauro, ya lalubo saƙon, ya miƙo mini kamar shaidar da za ta wanke shi.

"Ai wayata ba ta da ƙugiya, 'yata. Ko ɗana ya rubuto zai kara mini wani abu, na san ƙara yake nufi. Ni nake sa musu ƙugiya da kaina. Da na ga naki sai na ce, mace mai ilimi kamar Likita, me za ta yi da kashi? Dole ƙashi take so."

"To 'ɗanye' fa? Ba ka ga na rubuta ɗanye ba?"

"Na gani. Na ɗauka kar a dafa."

Na cika na batse. Ga kwamitin kula da daji zai zauna ranar Litinin, kuma sun riga sun gaya mini ba za su bari a zuba ko ɗigon magani a ruwan tsuntsaye ba sai na kawo sunan tsutsa a rubuce. In aka wuce wannan zama sai bayan wata uku, lokacin ƙyanƙyasar bana ta gama mutuwa. Hawa tsaunin da dawowa kwana huɗu ne. Ni kuma ga ni tsaye da safar hannu a gaban ƙasusuwan da aka yi wa wanka.

"Kwalaben fa?"

"Suna nan ƙalau. Ko ɗaya ban ɓata ba."

"Kashin da ke bakin ruwan?"

"Ina sharewa kullum. Wurin ya yi kyau, da za ki gani."

Na juya baya don kar in faɗi abin da zan yi nadama, domin a shekaru mutumin ya isa ya haife ni. Sai idona ya sauka a ƙasa. Ɗakin da muke goge shi safe da yamma, wanda ko shugabanmu sai ya sauya takalmi kafin ya shiga, ga sawun Baba nan jere daga ƙofa har teburina. Manyan takalman roba ne a ƙafarsa, ƙasansu cunkushe da busasshen taɓo. Na haɗiye wannan ma.

Na ƙirga ƙullin. Goma sha tara. A nan fushina ya gauraya da tsoro, don a rahoton da nake da shi takwas ne suka mutu.

Can ƙasan kular na ji wata leda mai taushi. Baba ya yi sauri ya ɗora hannu a kai.

"Bar wannan, Likita. Jiya da zan sauko na tsince shi, ban samu na gyara ba. Ki ba ni wuƙa da ruwa, yanzun nan..."

"Baba, in ka taɓa shi ni da kai ne."

Ɗan tsako ne, cikinsa bai ko fashe ba. Abin da yake jin kunyar nuna mini shi kaɗai ne mai amfani a kular. Na buɗe hanjin, na ga tsutsotsi sirara kamar zare sun cika shi. Na tsinto biyar da hantsaki, na niƙe, na tace, na sa a na'ura. Na ce wa Baba ya je gidan 'yarsa a cikin gari ya huta, ya dawo jibi.

Kwana biyun nan ba wanda ban ba labari ba, kuma ba wanda ya taya ni jin haushi. Wata abokiyar aikina har tana riƙe ciki don dariya. Ta rubuta ƙaton harafin Ƙ a takarda ta manna a jikin firiza.

Ranar Asabar da hantsi sakamako ya fito. Na kwatanta jerin ƙwayoyin gadon da na tsutsotsi biyun da muke zargi, bai yi daidai da ko ɗaya ba. Na sake, na zargi na'ura, na zargi kaina. Da na faɗaɗa neman sai ga shi ya hau daram a kan tsutsar kajin gida. Wannan ya sake tunzura ni, domin daga bakin ruwan fakarun zuwa gida mafi kusa tafiyar yini ce. Wace kaza ce za ta hau can?

Ina cikin haka Baba ya yi sallama, ya shigo ya sake zana mini sawu a ƙasa.

"An samu sunan tsutsar, Baba. Ranar Litinin zan kai musu, kuma akwai magani. Amma ka gaya mini, wa yake hawa da kaji can sama?"

"Kaji? Ba kowa. Ko mafarauci ban bari ya wuce iyaka ba. Ni kaɗai nake zuwa bakin ruwan."

"Kai ba ka da kaji?"

"Uwargida ce ke da su a gida. Tun da bayanta ya fara ciwo ni nake share mata akurki duk ranar da na sauko, kafin in koma."

Na kalli ƙafarsa. Shi ma ya bi idona ya kalla.

"Da waɗannan takalman?"

"Su ke nan gare ni."

Ƙwan wannan tsutsa yakan yi watanni a cikin taɓo bai mutu ba. Na san haka, amma ban faɗa ba, don na ga ya riga ya gane takalmansa nake zargi. Duk haushin da na tara masa kwana biyu ya bi iska, sai tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

"Ba a tabbatar ba tukuna, Baba. Sai na gwada abin da ke ƙasan takalmin."

Ya zauna a kan kujerar baƙi, ya cire su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a gabana. Na miƙa masa silifas ɗin da muke shiga ɗakin da su, bai karɓa ba. Idonsa na kan kular ƙasusuwan.

"Yaushe bayan uwargidan taka ya fara ciwo?" na tambaya.

"Bara, bayan an yi ƙidaya." Sannan ya ce, "In dai ina sama, kullum sai na je na duba su, Likita. Ko rana ɗaya ban taɓa yin fashi ba."