Birki a Hanyar Dayi

Saniya ce ta faɗo titi bayan sun bar Dayi, Malam Sikiru ya taka birki da ƙarfi. A-kori-kurar makaranta ta tsaya cak, sai ya ji wani abu ya bugi ƙarfen bayan kansa. Baba Yusufu ne, maƙwabcinsa.

Sikiru haifaffen Malumfashi ne, iyayensa Yarabawa 'yan kasuwa, shi kuma yana koyar da kimiyya a sakandare. A makon nan ya sa ɗalibai suka tura ƙaramin keke da bulo a kai, suka tare keken, bulon ya wuce gaba. Ya ce musu abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tsayar da shi. Suka maimaita sau goma don su tabbatar.

Ran nan yana dawowa daga Katsina da kayan gwaji, ya ga tsohon a bakin hanya ya ci kasuwa. Akwatin kwalaben gwajin ne a kujerar gaba, an ɗaure shi da igiya kada ya fashe. Ya yi tunanin sauke akwatin, sai dai ya ce wa Baba ya hau baya, tafiyar ba nisa.

A asibiti aka ce haƙarƙari uku sun karye, ɗaya ya taɓa huhu. Sikiru ya kwana biyu yana zuwa da ayaba da lemo, ba ya iya wuce bakin ƙofa. Rana ta uku da hantsi Marka, matar Baba, ta ce ya shigo, ana kiransa.

"Malam, ka daina wannan fuska," in ji tsohon, yana jan numfashi da ƙyar. "Motarka ta tsaya. Ni ne ban tsaya ba."

"Baba, na san haka za ta faru. Shi nake koyarwa."

Tsohon bai gane ba. Ya tambaya ko kwalaben sun tsira. Sikiru ya ce ko ɗaya ba ta fashe ba.

"To, madalla."

Kafin azahar ya cika. Aka kai shi Gozaki wurin danginsa.

Bayan sadakar bakwai Marka ta kawo wa Sikiru tuwon dawa da miyar kuka, ta yi masa godiyar ɗawainiyar asibiti. Ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a gindin mangwaro, ya zauna kusa. Yana kallo kaji suka ture faifan da aka rufe tuwon da shi, bai kore su ba.